An yi "na sallama", mai saye ya fasa: labarin cinikin jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku na ƙasar Ostiraliya

Kowane ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi idan mai kaya ya ce ya sallama. Daga lokacin nan magana ta ƙare, kayan sun zama na mai saye, kuɗi sun zama na mai sayarwa, ko da kuwa ba a riga aka ƙidaya su ba. Wanda ya fasa bayan haka sunansa ya ɓaci, daga babbar kasuwar Maraɗi har kasuwar Dole ta Damagaram. To ashe manyan ƙasashen duniya ma suna shiga irin wannan rigima. A yau za mu kawo muku labarin wani ciniki da aka ƙulla a shekarar 2016 tsakanin Ostiraliya da Faransa, aka warware shi a 2021, wanda kuma har yanzu mai sayen bai karɓi ko jirgi guda ba.

Wane irin kaya ne wannan?

Jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku jirgin ruwa ne da ke nutsewa ya yi tafiyarsa a ɓoye, babu mai ganinsa daga sama. Amfaninsa duka yana ga ɓuya. Abokin gaba bai san inda yake ba, saboda haka tilas ya yi taka tsantsan a ko'ina. Iri biyu ne. Akwai mai aiki da gazuwal da batir: yana tafiya da batir a ƙarƙashin ruwa, amma in batir ya yi sanyi sai ya matso kusa da saman ruwa ya leƙo da wani bututu don injinsa ya shaƙi iska ya yi caji, kuma a lokacin ne ake iya gano shi. Akwai kuma mai aiki da makamashin nukiliya, wanda ba ya bukatar iska. Shi yana iya yin watanni a nutse, abin da kawai ke fito da shi shi ne ƙarewar abincin ma'aikatansa. Ya fi gudu, ya fi nisan zango, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba.

Ostiraliya ƙasa ce da teku ta kewaye ta ko ta ina. Kusan duk abin da take sayarwa, irin su ƙarfe da kwal da alkama da nama, ta ruwa yake fita, man da take ƙonawa kuma mafi yawansa ta ruwa yake shigowa. Jiragen da take da su guda 6 ne masu gazuwal, ana kiransu Collins. Wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Kockums ya zana su, aka ƙera su a birnin Adiled da ke kudancin Ostiraliya, suka shiga aiki ɗaya bayan ɗaya tsakanin 1996 da 2003. Da farko sun ba da wahala ƙwarai, ga ƙara, ga lalacewar na'urori, sai da aka kashe kuɗi masu yawa kafin su daidaita. A 2009 gwamnati ta ce jiragen za su tsufa, don haka tana son sababbi guda 12 da za su maye gurbinsu.

Masu kaya uku a rumfa ɗaya

Da farko firaminista Tony Abbott ya karkata ga ƙasar Japan, domin yana da kyakkyawar hulɗa da takwaransa Shinzo Abe, kuma jiragen Japan da ake kira Soryu sun yi suna. To amma mutanen Adiled suka ce ba su yarda ba, domin in an sayo jiragen a shirye daga waje, ma'aikatan tashar ƙirarsu za su zauna babu aiki. Abin ya ƙara zafi a ƙarshen 2014, lokacin da ministan tsaro David Johnston ya faɗa a gaban majalisa cewa shi ko kwalekwale ba zai amince wa kamfanin ƙira na ƙasar ya yi ba. Bai cika wata guda ba bayan wannan magana aka sauke shi daga muƙaminsa.

A watan Fabrairun 2015 sai aka buɗe takara tsakanin masu kaya uku: Japan, da kamfanin TKMS na Jamus, da kamfanin DCNS na Faransa, wanda daga 2017 ya koma Naval Group. Ranar 26 ga watan Afrilun 2016 sabon firaminista Malcolm Turnbull ya ba da sanarwar cewa Faransa ce ta ci. Jirage 12, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dalar Ostiraliya miliyar 50, wato wajen miliyar 22,000 na sefa a canjin lokacin. Don mai karatu ya gane girman abin, kasafin kuɗin Nijar na shekara guda a ƴan shekarun nan yana wajen miliyar 3,000 ne. Jaridun Faransa suka riƙa kiransa cinikin ƙarni, aka yi murna a garin Sharbur inda tashar ƙirar kamfanin take.

Sai dai akwai wani abu a cikin cinikin nan da ya kamata a lura da shi tun daga farko. Jirgin da Faransa ta kai kasuwa asalinsa mai nukiliya ne, samfurin Barracuda da take ƙera wa sojojinta. Ostiraliya ce ta ce ita ba ta son nukiliya, domin ba ta da ko tashar lantarki guda ta nukiliya kuma jama'arta da yawa ba sa son abin. Sai aka shirya a sake zane, a cire tukunyar nukiliya a sa injin gazuwal da batir. Bayan haka kuma na'urorin yaƙi da za a sa a ciki na kamfanin Lockheed Martin na Amurka ne, ƙira kuma a Adiled za a yi ta. Ke nan abin da aka saya jirgi ne wanda babu shi sai a takarda. Duk matar da ta taɓa kai wa tela yadi ta ce a ɗinka mata wani samfuri da ba a taɓa yi ba, ta san cewa lokaci da kuɗi ba sa tsayawa inda aka yanka.

Inda ɓaraka ta soma

Wata huɗu da sanarwar, a watan Agustan 2016, wata jaridar Ostiraliya ta fallasa cewa takardun sirri sama da shafi 22,000 na wasu jiragen da kamfanin na Faransa ke yi wa Indiya sun fita waje. Ba jiragen Ostiraliya ba ne, amma zukata sun soma ɗar-ɗar. Babbar yarjejeniyar aiki kuwa ba a sa mata hannu ba sai a watan Fabrairun 2019, bayan doguwar jayayya a kan wa zai ɗauki asara in abu ya lalace. A farkon 2020 ofishin binciken kuɗin gwamnatin Ostiraliya ya ce aikin zane ya makara da wata 9. Kuɗin da ake ambata suka tashi daga miliyar 50 zuwa wajen miliyar 90. Faransawa suka ce ba su suka ƙara ba, bambancin lissafi ne, domin adadin farko bai haɗa da hauhawar farashi na shekaru masu zuwa ba. Ko ma dai mene ne, jama'a sun riƙe cewa kaya sun kusa ninka kuɗinsu.

Akwai kuma rigimar rabon aiki. Da farko an yi ta maganar cewa kashi 90 cikin 100 na aikin a Ostiraliya za a yi shi. Daga baya aka sauko, har aka tsaya a kan kashi 60 a farkon 2021. Kuma jirgi na farko ba zai shiga aiki ba sai bayan 2030, na ƙarshe kuwa sai bayan 2050.

Ana cikin haka sai yanayin unguwar ya sake. Ƙasar Sin ita ce babbar mai sayen kayan Ostiraliya, ita ce kuma wadda sojojin Ostiraliya suka fi jin tsoro, domin rundunar ruwanta ta zarce ta kowace ƙasa yawan jirage. A 2020 firaminista Scott Morrison ya nemi a yi bincike a kan asalin cutar korona. Sin ta fusata, ta ɗora haraji mai nauyi a kan sha'ir da giyar inabi na Ostiraliya, ta kuma tsai da sayen kwal da naman wasu mahauta. Daga nan shugabannin Ostiraliya suka soma tunanin cewa jirgi mai gazuwal, wanda tilas ya leƙo sama lokaci lokaci, ba zai yi musu amfani ba a tekun da ke kudancin Sin, mai nisan dubban kilomita daga tasharsu da ke kusa da birnin Pat. A asirce suka tuntuɓi Ingila da Amurka.

Ranar da aka fasa

Abin da ya fi ɓata wa Faransa rai shi ne yadda aka yi abin. A watan Yunin 2021 Morrison ya gana da Joe Biden da Boris Johnson a wurin taron ƙasashe bakwai masu arziki a Ingila. Daga can ya wuce birnin Paris ya ci abinci da Emmanuel Macron. Ranar 30 ga Agusta ministocin tsaro da na harkokin waje na ƙasashen biyu suka fitar da sanarwa tare suna jaddada muhimmancin aikin jiragen. Mako biyu bayan haka, ranar 15 ga Satumban 2021, Biden da Johnson da Morrison suka fito a talabijin suka ba da sanarwar sabon ƙawance mai suna AUKUS: Ostiraliya za ta samu jirage masu nukiliya da taimakon Amurka da Ingila, cinikin Faransa kuwa ya mutu. Faransawa sun ce a ranar nan ma wata wasiƙa ta iso musu daga ma'aikatar tsaron Ostiraliya tana nuna gamsuwa da matakin da aikin ya kai.

Ministan harkokin wajen Faransa Jean-Yves Le Drian ya kwatanta abin da sukar wuƙa ta baya. Ranar 17 ga Satumba Faransa ta kira jakadunta na Washinton da Kanbera su dawo gida, abin da ba ta taɓa yi wa Amurka ba a tsawon tarihin hulɗarsu. A ƙarshen Oktoba, a birnin Rum, Biden ya amsa a gaban Macron cewa ba a bi da lamarin da kyau ba. Da ƴan jarida suka tambayi Macron ko yana zaton Morrison ya yi masa ƙarya, sai ya ce shi ba zato yake ba, sani ya yi. Morrison ya musanta. Ya ce ya sha gaya wa Faransa cewa jiragen ba za su biya bukatar ƙasarsa ba, kuma yarjejeniyar da kanta ta bar ƙofofin fita a matakai daban-daban. Gaskiya ne ƙofofin suna nan a rubuce. Amma kowa a kasuwa ya san bambancin wanda ya zo ya ce maka kayanka ba su yi masa ba, da wanda yake shan shayinka alhali ya riga ya gama ciniki a rumfar maƙwabcinka.

Abin mamaki a nan shi ne, an fasa sayen jirgin Faransa don ba mai nukiliya ba ne, alhali kuwa mai sayen ne ya sa aka cire masa nukiliyar.

A watan Mayun 2022 Morrison ya faɗi zaɓe. Wanda ya gaje shi, Anthony Albanese, bai yi wata guda ba ya daidaita da kamfanin Naval Group a kan diyyar yuro miliyan 555, wato miliyar 364 na sefa. In aka haɗa da abin da aka riga aka kashe, Ostiraliya ta zuba dalarta miliyar 3.4 a cinikin nan, kusan miliyar 1,500 na sefa, kimanin rabin kasafin kuɗin Nijar na shekara ke nan, ba tare da an ƙera jirgi ko ɗaya ba.

Sabon ciniki da sharuɗɗansa

Ranar 13 ga Maris na 2023, a birnin San Diyego na Amurka, shugabannin ƙasashen uku suka bayyana yadda za a yi. Daga 2027 jiragen Amurka da na Ingila za su riƙa zuwa suna zama a tashar da ke kusa da Pat, don sojojin Ostiraliya su koyi aiki. Bayan 2030 Amurka za ta sayar wa Ostiraliya jirage 3 samfurin Virginia, da yiwuwar a kai 5, kuma bisa shirin na 2023 biyu daga cikin ukun farko waɗanda sojojin Amurka suka riga suka yi aiki da su ne, wato dai na gwanjo. Daga nan sai a ƙera wani sabon samfuri bisa zanen Ingila, wanda na farkonsa na Ostiraliya ba zai fito daga tashar Adiled ba sai bayan 2040. Kuɗin duka, zuwa wajen 2055, an ƙiyasta su tsakanin dalar Ostiraliya miliyar 268 da miliyar 368. Babban adadin ya kusa miliyar 150,000 na sefa a canjin lokacin, wato kasafin kuɗin Nijar na kusan shekara 50.

To ga inda gizo ke saƙa. Ita kanta Amurka jiragen ba su ishe ta ba. Tasoshin ƙirarta guda biyu sun daɗe suna fitar da jirgi ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba a shekara, alhali sai sun wuce biyu a shekara kafin Amurka ta biya bukatarta ta kuma sayar wa wani. Don haka Ostiraliya ta yarda ta ba da dalar Amurka miliyar 3 a faɗaɗa tasoshin Amurka, ta kuma biya kashin farko, miliyan 500, a watan Fabrairun 2025. Ta kuma yi alkawarin fam miliyar 2.4 ga Ingila, inda kamfanin Rolls-Royce zai ƙera tukwanen nukiliyar. Amma dokar da majalisar Amurka ta yi a ƙarshen 2023 ta ce kafin a miƙa jirgi, sai shugaban Amurka na lokacin ya tabbatar cewa sayarwar ba za ta rage wa sojojin ruwan Amurka ƙarfi ba. Ke nan mai saye ya ba da kafin alƙalami, ya taimaka an gyara wa mai kaya shagonsa, amma mai kaya ya riƙe ikon cewa kayan ba su ishe shi ba in ranar ta zo.

A watan Yunin 2025 ma'aikatar tsaron Amurka ta ce za ta sake duba yarjejeniyar baki ɗaya, hankalin Kanbera ya tashi. Sai a watan Oktoba, da Albanese ya ziyarci fadar shugaban Amurka, Donald Trump ya ce aiki yana nan za a ci gaba. A tsakanin nan kuma, a watan Yulin 2025, Ostiraliya da Ingila sun sa hannu a kan wata yarjejeniya ta shekara 50 a kan ƙirar sababbin jiragen. A cikin gida kuwa baki bai zo ɗaya ba. Tsofaffin firaministoci biyu, Paul Keating da Malcolm Turnbull, suna ganin ƙasar ta ɗaure kanta a gindin Amurka. Masu goyon baya suna cewa Amurka ba ta taɓa ba kowa sirrin wannan fasaha ba sai Ingila a 1958, don haka dama ce da ba a samun irinta sau biyu. Kafin sababbi su iso, tsofaffin Collins ɗin nan guda 6 za a yi ta gyarawa ana ƙara musu kwana.

Ita kuma Faransa kasuwa ba ta rufe mata ba. A 2024 ƙasar Holan ta zaɓi kamfanin Naval Group ya ƙera mata jirage 4 masu gazuwal, daga cikin dangin samfurin nan da Ostiraliya ta fasa.

Ina ruwan biri da gada?

Wani zai ce Nijar ko bakin teku ba ta da shi, me ya haɗa mu da jiragen ƙarƙashin ruwa? Abu biyu ne. Na farko, atamfa da shadda da takalma da babura da wayoyin salula da ke cike da rumfunanmu, da shinkafar da ake aunawa a tiya, da yawansu daga Sin da Indiya da Tailan da Dubai suke fitowa, a cikin kwantena, su yi makonni a kan ruwa kafin su sauka a tashoshin ruwa irin ta Lome a ɗora su a manyan motoci. Tekun da manyan ƙasashen nan ke shirin yin fito-na-fito a kansa, ta nan ne jiragen dakon kayan Sin ke fitowa. Mun ga abin da ya faru daga ƙarshen 2023, lokacin da hare-hare a tekun Maliya suka tilasta wa jirage da yawa zagayawa ta kudancin Afirka, kuɗin dakon kwantena ya tashi a duniya. In hanyar ruwa ta rikice a can, mai tebur a Tawa za ta ji a jikinta.

Na biyu, abin da ke tafiyar da irin waɗannan jirage shi ne uraniyom, ma'adinin da ake haƙa a Arlit tun 1971. Ostiraliya ma tana da shi, ita ce ma ta fi kowace ƙasa yawansa a ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka ba za ta iya zuba nata a jirginta ba, domin ɗanyen uraniyom ɓangaren da ke ba da wuta a cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sai an tace shi. Jiragen Faransa suna aiki da wanda aka tace ƙasa da kashi 20, shi ya sa ake sake musu shi kamar kowace shekara 10. Na Amurka da Ingila suna aiki da wanda ya haura kashi 90, irin wanda ake iya yin bam da shi, kuma zubi ɗaya yana kai jirgin har ƙarshen rayuwarsa. Saboda haka za a kawo wa Ostiraliya tukwanen a rufe a liƙe, ba ta da izinin buɗewa, amma ita za ta ajiye shararsu mai guba in sun gama aiki. Wannan ne ma ya sa Sin ta kai ƙara gaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke birnin Biyana, Indunusiya da Maleshiya kuma suka nuna damuwarsu. Mai ma'adini a ƙasarsa yana sayar da shi ɗanye, mai fasahar tacewa shi ke yanka farashi da sharaɗi. Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mutanen Nijar.

Shekara 17 ke nan tun da Ostiraliya ta ce tana son sababbin jirage a 2009, in aka lissafa zuwa 2026. Ta taya na Japan ta bari, ta ƙulla da Faransa ta warware, ta biya diyya, yanzu tana jiran Amurka da Ingila. Ko dabara ta yi ko kuskure, sai bayan 2030 za a sani, ranar da jirgin farko ya iso tashar Pat ko kuma aka ce mata ta ƙara haƙuri. Kafin nan, ɗan kasuwar da zai ba da kuɗinsa a kan kayan da ba su riga sun iso ba, ya duba takarda da kyau ya ga wa ke da ikon fasawa, kuma in an fasa wa zai ɗauki asara. Wanda kuma ya ga kaya ba su yi masa ba, ya faɗa wa mai su tun da wuri baki da baki, domin gobe ma rana ce, kuma a kasuwa ɗaya za a sake haɗuwa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya haɗa mu da abokan ciniki masu riƙon amana.